Numfashin Zugazugi

A layin maƙeran zinariya ba a san shi da wani suna ba sai Zugazugi. Sauran maƙera tuni suka koma wutar gas, a murɗa ta taso shuɗiya, a gama aiki a kashe. Shi kuwa har furfura ta cim masa yana nan da fitilarsa ta kananzir da siririn bututunsa na tagulla mai lanƙwasasshen baki. Zai ɗora zobe a kan guntun gawayi, ya sa bututun a baki, ya busa harshen wutar ya kwanta ya miƙe kamar allura, ya tsaya daidai inda bakin zoben zai haɗu. Abin da ya jawo masa sunan shi ne busar ba ta yankewa. Mai kallo zai tsaya har ƙirjinsa ya fara yi masa ciwo don tausayi, shi ko a jikinsa, wutar tana nan a miƙe.

"Kai dai ba mutum ba ne," tela maƙwabcin shagonsa yakan ce. "Ranar da aka raba huhu, layi biyu ka bi."

"Kai kuma kana can layin surutu har aka rufe taga."

Mutum ɗaya ce ta san yadda abin yake, ita ce matarsa. Mahaifinta mai gyaran agogo ne, rumfarsa tana kallon shagon da Zugazugi ya koyi aiki. Tana budurwa takan kai wa uban abincin rana, ta zauna jiran kwano. Wata rana ta ɗauki agogo daga cikin faranti ta sa wa saurayin nan ido. Siririn hannun agogon ya zaga, ya sake zagawa, busa ba ta tsaya ba. Sai ta bar kallon agogo ta koma kallon fuskarsa. Nan ta gani: kumatunsa cike suke da iska kamar salka, su ke tura ta cikin bututun, shi kuwa ƙofofin hancinsa suna ɗan buɗewa a ɓoye, yana jan sabuwa.

Ta tsallaka titi ta tsaya a kansa.

"Ƙarya kake yi. Ta hanci kake sata."

Ranar ce aka fara ganin wutarsa ta yanke. Ya zare bututun ya dube ta.

"Kin gaya wa wani?"

"A'a."

"To, ki riƙe mana."

Iyakar zancen da ya taɓa yi mata ke nan na neman aure, sauran manya suka ƙarasa. Tun daga ranar yake kiranta 'Yar mai agogo, har suka haifi 'ya'ya, suka aurar, auta ma ta bi mijinta wani gari mai nisa. Mutum ne mai fita da safe ya dawo da yamma da ƙaurin kananzir a riga. Bai taɓa ɗaga mata murya ba, bai kuma taɓa tambayarta me take tunani ba. Ita ma ba ta ga laifin hakan ba.

Ciwon ya fara ne daga yatsu. In ya tsoma aiki a ruwa don ya huce, sai yatsun su yi fari fat, su koma shuɗi, su ɗauki lokaci kafin jini ya dawo. Daga baya fatar hannun ta yi sheƙi ta ɗame, ba ta tsunkuluwa. Layukan goshinsa suka goge.

"Wane mai kake shafawa ne?" in ji tela. "Muna tsufa kana komawa saurayi. Ka ji tsoron Allah ka faɗa mana."

Zoben da ke hannunsa tun na ƙuruciya shi da kansa ya yanke shi, don yatsan ya kumbura ya ƙi sakinsa. Bakinsa ya fara tsukewa, har matar ta koma yanka masa burodi ƙanana kamar na yaye. Sannan ya yarda aka je asibiti.

Likitar mace ce mai magana a hankali. Ta faɗi wani dogon suna da babu wanda ya riƙe a cikinsu, sannan ta yi bayani yadda za su gane.

"Baba, wannan ciwo ne da ke sa fata ta yi tauri. Amma fatar da kuke gani ba ita ce babban abin tsorona ba. Abin da yake yi a waje yakan yi shi a ciki. Huhu ma yana iya yin tauri, ya yi tabo, tabon da ya zauna kuma ba ya gogewa. In mun kama shi yana farawa, akwai magani mai ƙarfi da ke rage masa gudu. In mun makara, sai dai mu lallaɓa abin da ya rage."

Aka kai shi wani ɗaki, aka matse masa hanci da ɗan maƙali, aka ba shi ƙaton bututu ya busa cikin na'ura. Da ƙyar bakin ya buɗe ya ɗauka. Sakamakon ya nuna ciwon ya ɗan taɓa huhun, kaɗan dai.

"Na'urar nan ɗaya ce, masu jiranta kuma da yawa," in ji likita. "Kafin layi ya sake zuwa kanku da sauran lokaci. Nas za ta koya muku gwajin da za ku riƙa yi a gida. In numfashi ya fara raguwa, ba jira, ku zo. Kuma ranar da haka ta faru, Baba, kun bar shago ke nan. Hayaƙi da ƙurar gogen zinariya ba za su bar ku ba."

Matar ta ga yadda ya sunkuyar da kai yana kallon hannuwansa.

Gwajin ba wuya. Nas ta kawo kofin gilashi da ruwa rabi, da siririn bututun roba irin na shan lemo. Zai cika ƙirji iya iyawarsa, ya busa a hankali cikin ruwan, matar tana kallon agogo har kumfar ta ɗauke.

"Mama, ke za ki toshe masa hanci, tunda yatsunsa ba sa kamawa. Inda ya tsaya gobe da safe, ki sa alama a agogonku. In ya riƙa gazawa kafin alamar, ki kira ni. Ni ma zan riƙa kiranki."

"Shekara da shekaru ba ta taɓa ja na ta hanci ba," ya ce, "yau hukuma ta ba ta izini."

Nas ta yi dariya. Matar ba ta yi ba.

Washegari, bayan ya sha shayi, ta sauko da agogon bango ta jingina shi da gwangwanin sukari. Ta jira siririn hannun ya hau sama, ta kama hancinsa, ya busa. Kumfa ta yi ta ɓulɓulowa, ta yi, ta yi, ta ɗauke. Ta yanki ɗan salatif ta manna a gilashin agogon daidai wurin. Haka suka riƙa yi kullum kafin ya fita. Wani lokaci ya kai alamar, wani lokaci ya ɗan gota.

Sai wata safiya bai kai ba. Da saura kamar faɗin yatsa biyu. Washegari ma haka. A ta ukun, tana miƙa hannu sai ya kawar da kai.

"Fatar wurin zafi take yi. Bari kawai, ai ba yaro ba ne ni."

Ta janye hannunta. Ya busa. Kumfa ta tashi, hannun agogo ya kai alamar, ya wuce ta, kumfa ba ta tsaya ba. Ba ta so ta duba ba, amma idon da ya gani tun tana budurwa bai manta hanya ba. Kumatu a cike. Ƙofofin hanci suna ɗan buɗewa.

Ya ɗago ido ta saman kofin ya dube ta. Ta dube shi.

"Ya wuce," ta ce.

"Alhamdulillahi," ya ce, ya ɗauki hularsa.

Ta gaya wa kanta tausayi ne. Mutumin da bai san komai ba sai wuta da zinariya, a ce ya zauna a gida, ai kashe shi aka yi tun kafin ciwon ya kashe shi. Wannan dalilin mai kyau ne, tana iya faɗa wa kowa shi ba kunya. Amma in tana wanke kofin, akwai wani dalilin da ke tasowa daga ƙasa, wanda ba ta taɓa bari ya kai bakinta ba. Ita ta yi jinyar mahaifinta shekarun da jikinsa ya shanye, a ƙaramin ɗakin nan na kusa da banɗaki. Ta san warin ɗakin mara lafiya, ta san yadda yake shiga labule da gashin kai. Ta san yadda mutum yake wayar gari yana son wanda yake jinya, kafin azahar ya ji yana jiran ranar da za a ce ya huta. Ba ta yafe wa kanta wannan jiran ba har yau, kuma ba ta son a sake gwada ta. Auren nan nasu a kan fitarsa da dawowarsa yake tsaye. Daga safe zuwa yamma gidan nata ne, da rediyonta, da shirunta. Me za su ce wa juna in ya wuni?

Akwai ma wani abu ƙarami da ya fi ba ta kunya. Kallon nan da ya yi mata ta saman kofi, rabonta da shi tun a shagon ubangidansa. Sun sake zama su biyu da abin da ba wanda ya sani. Ta ji daɗin hakan.

Nas ta kira kamar yadda ta yi alkawari.

"Mama, ya jikin Baba? Yana kai alamar?"

"Yana wuce ta ma."

"Kai, madalla! Baba jarumi ne. To Mama, tunda haka ne, akwai wata baiwar Allah da nata ya yi tsanani, za mu ba ta ranarsa ta na'ura, shi mu matsar da shi gaba. Ba damuwa?"

Matar ta dubi agogon da ke bango, da ɗan salatif ɗinsa.

"Ba komai. Allah Ya ba ta lafiya."

Sau biyu ana matsar da ranar.

Gidansu a bene yake. Da can in ya dawo takan ji takunsa a jere tun daga ƙasa. Yanzu takun sai ya tsaya a tsakiya. Ta taɓa leƙawa ta gan shi dafe da bango, yana yi kamar yana duba wani abu a tafin takalminsa. Ga wani busasshen tari da ba ya fitar da komai. In ya fara shi tana kicin, sai ta ƙara buɗe famfo.

Auta takan kira ranar hutu.

"Umma, ki gaya min gaskiya, ya jikin Abba? Na ji muryarsa kamar yana gudu."

"Kullum sai ya wuce alamar."

"Wallahi?"

"Da idona nake gani."

Ba ta yi ƙarya ba ko kalma ɗaya, ta kuma san abin da ta yi.

Wata rana ya manta maganinsa na rana a kan tebur, sai ta yafa mayafi ta bi shi da shi. Rabonta da layin maƙera tun rasuwar mahaifinta. Rumfarsa ta zama wurin sayar da murfin waya. Ta tarar da shagon mijinta a buɗe, shi ba ya nan, ya je alwala. Fitilar a kashe take, lagwaninta a bushe. Magagari da hantsaki suna jere tsaf, ƙura ta kwanta a kansu.

Tela ya tsayar da kekensa ya gaishe ta, ba wasa a muryarsa.

"Hajiya, gara da kika zo. Ni dai ban san yadda zan ce ba."

"Ba ya aiki?"

"Ya daɗe. Yatsun ba sa riƙe hantsaki. In an kawo gyara sai ya karɓa, ya ba masu gas na ƙarshen layi su yi, ya mayar wa mai shi. Zama kawai yake yi. In na tsokane shi ma sai ya yi murmushi, ba ya ramawa. Iskar ramawar ce babu." Ya goge ido da gefen ƙyallen da yake ɗinki. "Na ce masa ya zauna a gida mana. Ya ce gida ba wurin zaman namiji ba ne. Shi da bai taɓa irin wannan maganar ba."

Ta ajiye maganin a kan teburin, ta juya kafin ya dawo. A hanya ta yi ta juya abin. Ashe ba wutar yake karewa ba, wutar ta riga ta mutu. To me yake karewa? Ta kusa kaiwa ga amsar, sai ta tsaya a wurin mai kayan miya ta yi ta cinikin abin da ba ta buƙata.

Da safe ta kawo kofin kamar kullum. Ba ta miƙa hannu ba.

Ciwon ne da kansa ya kawo ƙarshen abin. Taurin da ya cinye goshi da leɓe ya gangaro kumatu. Wata safiya ya cika ƙirji, ya sa bututun, ya nemi ya kumbura kumatun, suka ƙi. Fatar ta ɗame kamar ta ganga, ba inda iska za ta ɓuya. Kumfar ta tashi, ta yanke. Ya yi ƙoƙarin jan iska ta hanci yana busawa, sai ruwa ya biyo bututun ya sarƙe shi. Ya yi ta tari, yana dafe da tebur, har leɓensa suka canza launi. Ta tsaya a bayansa tana shafa masa baya, tana jin ƙasusuwan da ba ta san sun fito haka ba.

Da ya lafa, ya daɗe yana kallon kofin.

"'Yar mai agogo."

"Na'am."

"Kama hancin."

Ta kama. Sanyi ƙalau, da tauri kamar itace. Ya ja numfashi, kafaɗunsa suka ɗaga, ƙirjin bai bi su ba. Ya busa. Siririn hannun agogo bai yi ko rabin hanyar zuwa alamar ba kumfar ta mutu. Ruwan ya kwanta. Ta ci gaba da riƙe hancin, ta manta, sai da ya taɓa mata hannu da bayan yatsunsa.

"Sake ni. Kin gani ai."

Ranar da suka isa asibiti ba a sa su layi ba. Bakinsa bai iya ɗaukar bututun na'urar ba sam, sai hoton ƙirji aka yi. Likita ta daɗe tana kallon hoton. Ƙasan huhun duka biyu ya yi fari-fari, da ƙananan ramuka kamar saƙar zuma.

"Wannan ba na jiya ba ne," ta ce. "Ya daɗe yana tafiya. Amma ai duk lokacin da aka kira, cewa ake yana wuce alama. Mama, yaya kuke yin gwajin?"

Kafin matar ta motsa, ya riga ta. Maganar tana fita guntu-guntu.

"Likita, ni maƙeri ne. Akwai dabarar da muke yi. Muna busawa, muna jan iska ta hanci. Ni na hana ta toshewa. Ba ta san ana haka ba."

Likita ta juyo ta dubi matar. Matar ta buɗe baki. Abin da za ta faɗa yana nan a kan harshenta, gajere ne. Ta ji hannunsa mai tauri ya sauka a kan gwiwarta. Ta rufe bakin.

"Za mu fara maganin," in ji likita, ta cire tabarau ta murza ido. "Zai iya rage gudun abin. Amma wanda ya tafi ya tafi, Baba. Da ma a ce..." Ba ta ƙarasa ba.

Suka dawo gida da tukunyar iska da siririyar roba mai baki biyu da ake saƙala masa a hanci. Maƙwabta biyu ne suka hau da shi bene a kan kujera. Tela ya kawo masa fitilar da bututun tagullar a cikin leda, ya tsaya a bakin ƙofa yana neman abin tsokana, ya dubi robar da ke hancin abokinsa, ya rasa, ya ce Allah Ya sawwaƙe ya sauka.

Ƙaramin ɗakin kusa da banɗaki ya fi kusa da komai, don haka nan ta gyara masa. Tana shimfiɗa zanin gado hannunta ya tuna yadda ake lanƙwasa shi don mai kwanciya, bai ko tambaye ta ba. Auta ta ce tana hanya.

Da la'asar rana ta shigo ta taga ta kwanta a ƙafafunsa. Matar tana zaune a bakin gado tana shafa masa mai a yatsu, ɗaya bayan ɗaya.

"Malam, me ya sa ka ce ban sani ba?"

Ya juyo da kai ya dube ta.

"Na ga fuskarki," ya ce. "Lokacin jinyar babanki. In na dawo da yamma. Kina fitowa daga ɗakin nan." Ya tsaya ya nemi iska. "Na ce, ni dai ba zan sa ki sake yin wannan fuskar ba."

Hannunta ya tsaya a kan yatsansa. Shekarun nan duka tana zaton bai taɓa kallonta ba. Ashe ya gani, har abin da ta ɓoye wa kanta ya gani, ya ɗauka ya tafi da shi shago yana zama da shi a gaban matacciyar fitila. Ta so ta ce masa da ya tambaye ta. Sai ta tuna ya tambaye ta, kullum da safe, ta saman kofi, kuma kullum tana ba shi amsa.

"Ga shi kuma ka shigo ɗakin," ta ce.

"Ga shi na shigo."

Ta ci gaba da shafa man.

Da gari ya waye ta sami kanta a kicin ta zuba ruwa rabin kofin gilashin, ta sa bututun roba a ciki, har ta kai hannu za ta sauko da agogo. Ta tsaya. Ta bar agogon a inda yake, ta shiga ɗakin da kofin a hannu, don ba ta san inda za ta ajiye shi ba.

Ya dubi kofin, ya dube ta. Fuskar ba ta iya murmushi yanzu, sai idon.

"Kawo in sha," ya ce. "Bakin kofi ya fi ƙarfina."

Ta zauna, ta tallafo kansa da hannu ɗaya, ta sa masa bututun tsakanin leɓe. Yana ja kaɗan, ya huta, ya sake ja. Ta riƙe kofin har ruwan ya ƙare.